Masu rubuta manhajar cikin na'ura a Kaduna: Ga ƙwarewa, ina albashi?

Kaduna na cikin biranen da suka fi yawan makarantun koyar da aikin injiniya a arewacin Najeriya, amma matasan da ke fitowa daga cikinsu da ƙwarewar rubuta manhajar da ke tafiyar da na'urori na fuskantar zaɓi mai wuya.

Ko dai su tsaya a fannin da suka sha wahalar koyo su karɓi albashin naira da ba ya kai su ƙarshen wata, ko su sauya layi su koma gina shafukan intanet da manhajojin waya inda ake iya samun dala, ko kuma su haɗa kayansu su bar ƙasar.

A ido wannan lamari ne da ya shafi aljihun wasu 'yan tsirarun injiniyoyi.

To sai dai kuma zaɓin da suke yi a yau shi ne zai nuna ko nan gaba Najeriya za ta samu waɗanda suka san abin da ke cikin mitar wutar da ke bangon gidajenta, da na'urar POS da ke kasuwanninta, da jiragen leƙen asirin sojojinta, ko kuwa za ta ci gaba da sayen akwatunan da ba ta iya buɗewa.

Mece ce manhajar cikin na'ura?

Idan aka ambaci manhaja, yawancin jama'a kan tuna da kwamfuta ko wayar salula.

Amma mafi yawan manhajojin da ke aiki a duniya ba a ganinsu.

Suna zaune ne a cikin wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da sau da yawa ba ta wuce girman farcen yatsa ba, wadda ake dasawa a cikin mota, da inbata, da injin wanki, da na'urar auna bugun zuciya a asibiti, da fitilar ba da hannu a kan titi.

Aikin wannan manhaja guda ɗaya ne tak, kuma dole ta yi shi a kan lokaci, dare da rana, shekara da shekaru, ba tare da wani ya zo ya kashe ta ya sake kunnawa ba.

Mai rubuta ta na bukatar ilmi biyu: sanin lantarki da kuma sanin rubutun manhaja, galibi da harshen kwamfuta na C, wanda aka ƙirƙira a Amurka tun farkon shekarun 1970.

Haka kuma yana aiki ne cikin ƙunci, domin ma'ajiyar irin wannan ƙwaƙwalwa kan gaza girman hoto ɗaya na wayar salula.

Kuskure a wannan fanni na da tsada. Haɗurra biyu na jiragen Boeing 737 MAX, a Indonesiya a 2018 da Habasha a 2019, waɗanda suka hallaka mutum 346, an danganta su da yadda aka tsara wata manhaja mai sarrafa hancin jirgin.

Darasin mita

Mazauna Kaduna sun ɗanɗana tasirin wannan fanni a shekarar 2024, ko da yake ba kowa ne ya san sunansa ba.

A wannan shekara ce kamfanonin rarraba wutar lantarki, ciki har da Kaduna Electric mai hedkwata a titin Ahmadu Bello, suka riƙa kira ga masu mitar iya-kuɗinka-iya-shagalinka da su shigar da wasu lambobi na musamman kafin ranar 24 ga watan Nuwamba.

Dalili shi ne, tsarin da waɗannan mitoci ke bi, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu, yana liƙa wa kowace lambar kati lokacin da aka saye ta, domin kada a yi amfani da ita sau biyu.

An tsara shi ya riƙa ƙirga mintoci tun daga ranar 1 ga watan Janairun 1993, amma gurbin da aka ware wa wannan ƙirga ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216, wato shekara 32 ba kaɗan.

Da ƙirgar ta cika, mitar da ba a sabunta ba za ta ƙi karɓar sabon kati.

Shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke shekaru talatin da suka wuce, a wata ƙasa, ita ce ta tayar da hankalin magidanta a Unguwar Rimi da Kawo da Tudun Wada, da ma jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara waɗanda kamfanin ke bai wa wuta.

Sabon tsarin da aka koma, wanda ya fara ƙirga daga 2014, shi ma yana da wa'adi: zai cika a 2045.

Bukatar ƙwararru a wannan ɓangare ba ƙarama ba ce, domin alƙaluman hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, sun nuna cewa ya zuwa ƙarshen 2024 ƙasa da rabin masu hulɗa da kamfanonin wuta ne ke da mita.

Makarantu a arewacin kogi

Ta fuskar koyarwa, ɓangaren Kaduna da ke arewacin kogi ba shi da na biyu a yankin.

A Tudun Wada akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956 a matsayin makarantar koyar da aikin hannu, ta kuma zama kwalejin fasaha a 1968.

Akwai Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da Makarantar Horas da Hafsoshin Soja ta NDA da aka kafa a 1964, da kuma Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama, AFIT, da ke Mando, wadda ke karɓar ɗalibai fararen hula.

Hukumar NBTE mai tsara manhajar karatun kwalejojin fasaha na ƙasar baki ɗaya, tana da ofishi a kan titin Bida a cikin birnin.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, mai sashen injiniyancin kwamfuta, tafiyar kimanin sa'a guda ce.

Shiga fannin ma ya yi sauƙi fiye da da. Tun bayan fitowar ƙananan allunan gwaji irin su Arduino daga Italiya a 2005 da Raspberry Pi daga Birtaniya a 2012, ɗalibi na iya harhaɗa na'urarsa ta farko a ɗakin kwanansa.

Shi ya sa a ayyukan kammala karatu ake yawan ganin na'urar ban ruwa mai kunna kanta, da ƙofa mai buɗewa da zanen yatsa, da na'urar gano yoyon iskar gas.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an kammala.

Masana'antun da aka gina waɗannan makarantu domin su yi wa hidima suna ƙetaren kogi ne, a Kakuri, kuma yawancinsu sun daɗe da yin shiru.

Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007.

Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975 bai sake komawa ƙarfinsa na shekarun 1980 ba. Ko a inda ake harhaɗa motoci a yau, ƙwaƙwalwar motar a rufe take zuwa daga waje, an riga an zuba mata manhajarta.

Gulma da Tsaigumi

Babu mai musun cewa akwai basira a birnin.

A watan Disamban 2013 shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a Kaduna, wanda injiniyoyin rundunar sojin sama suka ƙera.

A watan Fabrairun 2018 shugaba Muhammadu Buhari ya zo sansanin sojin saman na Kaduna ya ƙaddamar da wani mai suna Tsaigumi, wanda aka yi da haɗin gwiwar kamfanin UAVision na ƙasar Fotugal.

A 2020 kuma, lokacin annobar korona, cibiyoyin soja da jami'o'i a Kaduna da Zariya sun baje kolin na'urorin taimaka wa numfashi da suka harhaɗa a gida.

Duk waɗannan ayyuka ne da ba sa yiwuwa sai da masu rubuta manhajar cikin na'ura.

Amma ƙera samfuri ɗaya daban, kafa masana'antar da za ta riƙa fitar da dubbai daban.

Samfuri na bukatar mutum goma na shekara biyu, sannan a yi biki a watse. Masana'anta ce ke bukatar injiniyoyi na dindindin, masu gwaji, masu gyara kurakurai, masu tsara na gaba, kuma ita ce ke haifar da gasar da ke ɗaga albashi.

Bayan Tsaigumi, Najeriya ta ci gaba da sayo jirage marasa matuƙa daga Sin da Turkiyya domin yaƙi da 'yan bindiga.

Haka nan kamfanin Zipline na Amurka, wanda a 2022 ya fara kai magunguna asibitocin jihar Kaduna da irin waɗannan jirage, ya ɗauki 'yan ƙasa aikin tafiyar da su da kula da su, amma a Kalifoniya ake tsara jiragen da manhajarsu.

Me ya sa albashin bai kai ba?

Ƙorafin cewa wannan fanni ya fi wuya amma bai fi kuɗi ba, ba a Najeriya kaɗai ake jin sa ba. Ko a Turai da Amurka injiniyoyinsa na yin sa.

Dalili na farko yana cikin yanayin kasuwancin ne.

Kamfanin da ke sayar da manhaja ta intanet, da zarar ya rubuta ta sau ɗaya, kusan ba ya kashe komai wajen sayar wa mutum na miliyan ɗaya. Ribarsa na da faɗi, don haka yana iya zuba wa injiniyoyinsa kuɗi.

Mai ƙera mita ko inbata kuwa sai ya sayi kayan kowace guda, ya biya kwastam, ya biya dako, ya ɗauki asarar waɗanda suka lalace, sannan ya yi gogayya da kayan Sin masu araha.

A wajensa injiniyan manhaja wani ɓangare ne na kuɗin da ake kashewa, ba shi ne hajar da ake sayarwa ba.

Wato ba wahalar aiki ce ke yanke albashi ba, ribar mai biyan albashin ce.

Hujja a nan ita ce, a kamfanonin da na'urorinsu ke da riba mai yawa, irin su Apple da Nvidia da Qualcomm, masu wannan ƙwarewa na cikin waɗanda ake biya da tsoka.

Dalili na biyu shi ne aikin a ɗaure yake da wuri.

Mai gina shafin intanet na bukatar kwamfuta da data da wuta kawai. Yana iya zama a Malali ya yi wa kamfanin Landan aiki.

Mai rubuta manhajar na'ura kuwa sai da na'urar a gabansa, da kayan auna siginar lantarki, da ɗakin gwaji.

Kamfanin da ke Jamus ba zai so ya aiko da samfurin da bai fito kasuwa ba zuwa wata nahiya, ya jira makonni kafin ya fita daga hannun kwastam, alhali kowane ɗan sauyi na bukatar a sake aikowa.

Dalili na uku ya shafi masu saye a cikin gida. Waɗanda ya kamata su zama manyan abokan cinikin masu ƙera na'urori su kansu suna fama. A watan Janairun 2024 hukumar NERC ta rushe hukumar gudanarwar Kaduna Electric saboda tarin bashin da ya kai naira biliyan 110.

Kamfanonin harhaɗa mita na cikin gida da suka yi suna, irin su Mojec da Momas, a yankin Legas suke. Manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi masu raba na'urorin POS ma a can hedkwatocinsu suke, kuma galibin na'urorin daga Sin ake shigo da su.

Lissafin dala

Tazarar ta ƙara faɗi ne bayan da gwamnatin shugaba Bola Tinubu ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023.

Dalar da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin lokacin, ta haura naira 1,500 a cikin 2024, yayin da hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekara.

A shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, gwamnatin jihar Kaduna kuma ta amince da naira 72,000.

Idan aka yi lissafi da canjin naira 1,500, matashin da ya samu aikin dala dubu ɗaya a wata daga waje zai tashi da naira miliyan ɗaya da rabi, wato ya ninka mafi ƙarancin albashin jihar fiye da sau 20.

Alhali dala dubu ɗaya a wata ba komai ba ce a wajen mai biya. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun nuna cewa matsakaicin albashin mai rubuta manhaja a ƙasar a 2024 ya haura dala dubu 130 a shekara.

Faɗuwar nairar ta yi wa injiniyan na'ura illa ta fuska biyu.

Albashinsa ya zaizaye, sannan kayan aikinsa, waɗanda kusan duka da dala ake sayo su, sun yi tashin gwauron zabi.

Abokin karatunsa da ya koma harkar intanet kuwa, duk lokacin da naira ta faɗi, samunsa ƙaruwa yake yi.

Ga matashin da iyaye suka sayar da kadara suka biya masa kuɗin makaranta, ga ƙanne na jiran tallafi, ga maganar aure, wannan lissafi ba ya bukatar dogon nazari.

Shirye-shiryen horaswa ma sun fi karkata can. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horas da matasa miliyan uku, da cibiyoyi masu zaman kansu irin su CoLab da aka buɗe a Barnawa a 2016, sun fi shahara da koyar da rubutun manhajar intanet da nazarin bayanai da tsara fasali.

Ba laifinsu ba ne: ya fi sauƙi a koyar da mutum ɗari da kwamfutoci ɗari fiye da a gina ɗakin gwajin lantarki guda.

Hanyoyin da ke gaban matashi

Wanda ya ƙuduri aniyar tsayawa a fannin yana da 'yan hanyoyi, kuma kowacce da nata farashin.

Ta farko ita ce aikin gwamnati ko na soja. A nan ne ake samun ayyuka mafi nauyi a Kaduna, musamman a cibiyoyin binciken sojin sama da kamfanin ƙera makamai na DICON, wanda aka kafa a 1964 aka kuma yi wa sabuwar doka a 2023.

Akwai tabbacin aiki da fansho, amma matakin albashi ne ke magana, ba ƙwarewa ba. Wanda ya iya rubuta manhajar jirgi da wanda ke kula da fayil, in matakinsu ɗaya, kusan abu ɗaya suke ɗauka.

Ga masu babbar difloma ta HND akwai ƙarin matsala, wato bambancin da aka daɗe ana nunawa tsakaninsu da masu digiri wajen ƙarin girma. Majalisar dokoki ta ƙasa ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma shugaba Buhari ya sauka ba tare da ya sa masa hannu ba.

Wannan ya fi shafar fannin da ake magana a kai, domin sau da yawa 'yan kwalejin fasaha ne suka fi sabawa da taɓa kayan lantarki da hannunsu.

Hanya ta biyu ita ce koyarwa. Tana da daraja da damar bincike, sai dai ƙorafin malaman jami'a kan albashi da kayan aiki sananne ne, kuma shi ne ya jawo yajin aikin wata takwas a 2022.

Ta uku ita ce komawa Legas ko Abuja, inda kamfanonin mita da na sola da na bin sawun motoci suke. Albashin ya fi na gwamnati, amma kuɗin haya da na mota kan cinye bambancin.

Ta huɗu ita ce fita waje, kuma a nan ne wannan ƙwarewa ta fi tsada. Jamus, mai manyan kamfanonin motoci da na injuna, ta sassauta dokokin shigar ƙwararru, ta kuma ɓullo da wani sabon izinin neman aiki a watan Yunin 2024.

Amma ƙofofin ba a buɗe suke kamar da ba. A watan Afrilun 2024 Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da za a bai wa baƙo kafin ya samu bizar ƙwararru zuwa fam 38,700 a shekara, kamfanonin kayan motoci na Jamus irin su Bosch kuma sun sanar da rage dubban ma'aikata a 2024 da 2025.

Ta biyar, wadda ba a cika ambata ba a ɗakunan lacca, ita ce dogaro da kai.

Motocin da ke shigowa Najeriya a yanzu cike suke da ƙwaƙwalen lantarki, kuma makaniken da ya saba da sifana da guduma ba ya iya gane ciwonsu sai da na'urar bincike.

Haka nan tun bayan ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilun 2024, lokacin da aka mayar da farashin rukunin A naira 225 a kan kowane ma'auni, da kuma duhun da ya mamaye yawancin arewa na fiye da mako guda a watan Oktoban wannan shekara, jama'a sun ƙara raja'a a kan sola da inbata.

Duk wanda ya san cikin waɗannan na'urori, ba zai rasa abin yi ba.

A kasuwar Panteka da ke maƙwabtaka da kwalejin fasaha, akwai maƙera da masu walda da ke iya ƙera gangar jikin kusan kowane inji. Abin da injunansu suka rasa shi ne ƙwaƙwalwa, abin da ɗaliban kwalejin suka rasa kuma shi ne kasuwa.

Matsalar wannan hanya ita ce jari, da kuma yadda wasu iyaye ke kallon mai digiri da ya buɗe shago a matsayin wanda karatunsa bai yi rana ba.

Ɗaya gefen

Duk da haka, akwai masu ganin cewa guguwar komawa harkar intanet na da nata haɗarin.

Tun a 2019 kamfanin Andela, wanda ya yi suna wajen horas da matasan Afirka yana haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami kimanin ƙananan injiniyoyi 400, bisa dalilin cewa kasuwa ta fi neman gogaggu.

A 2022 da 2023 manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun sallami dubun dubatar ma'aikata.

Sannan tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya rubuta irin aikin da a da ake bai wa sabon shiga.

Mai neman aikin nesa daga Kaduna yana gogayya ne da takwarorinsa na Indiya da Masar da Filifin, kuma kwangilarsa na iya ƙarewa da saƙo ɗaya, babu fansho, babu sallama.

Abin da ya hana injiniyan na'ura samun dala, wato ɗaurewar aikinsa ga wuri da kayan aiki, shi ne kuma ke ba shi kariya.

Ba a iya gano abin da ke damun mitar da zafin watan Afrilu ke sa ta rikice, ko inbatar da hawa da saukar wutar Najeriya ke ƙonawa, daga wani ofishi a wata nahiya. Sai an zo an auna.

Bugu da ƙari, ilminsa ba ya saurin tsufa. Kayan aikin gina shafukan intanet na sauyawa duk bayan 'yan shekaru, amma harshen C da ka'idojin lantarki suna nan fiye da shekara 50.

Kuma ya fi sauƙi wanda ya fara da na'ura ya koma intanet, a kan wanda ya fara da intanet ya dawo na'ura.

Wannan ne ya sa hanyar da ta fi dacewa da da yawa daga cikin matasan ita ce riƙe biyun: sanin cikin na'ura, da kuma sanin yadda za ta aika bayanai ta intanet, kamar yadda mitocin zamani da na'urorin sola na biya-kaɗan-kaɗan ke yi.

Abin da ya rage ga hukumomi

Dokokin fifita kayan gida ba baƙi ba ne a Najeriya.

A 2017 da 2018 fadar shugaban ƙasa ta fitar da umarni biyu da ke bukatar ma'aikatu su fifita kayan cikin gida da injiniyoyin ƙasa, a 2022 aka sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, a 2025 kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar sa Najeriya a gaba wajen sayayyar gwamnati.

Abin tambaya a nan shi ne, me ake nufi da kayan gida?

Idan ɗaure kusoshi da manna suna a jikin akwatin da aka ƙera a Shenzhen ya wadatar, to za a samar da aikin leburori, amma ba za a samar da aikin injiniyoyi ba.

Sai ranar da sharuɗɗan kwangila suka tanadi cewa a cikin ƙasa za a tsara na'urar a kuma rubuta manhajarta, ko aƙalla a miƙa wa injiniyoyin gida mabuɗinta, sannan kamfanoni za su fara neman waɗannan matasa suna ƙara musu kuɗi.

Akwai kuma matakan da ba sa bukatar biliyoyi: ɗakin gwaji na haɗaka da ɗalibai da masu sana'a za su iya haya, sassauta harajin ƙananan kayan lantarki da ake shigowa da su domin ƙira, da tsarin albashi na musamman ga ƙwararrun cibiyoyin bincike.

Mafi muhimmanci shi ne oda mai ɗorewa. Da gwamnatin jiha za ta ɗauki alƙawarin sayen fitilun titi ko na'urorin rijiyoyin burtsatse na sola daga masu ƙira na gida na tsawon shekara biyar, da an samu wanda zai zuba jari.

Kafin hakan ta samu, makarantun da ke arewacin kogin Kaduna za su ci gaba da yaye matasa masu wannan ƙwarewa a kowace shekara, da kuɗin talakawan Najeriya, yayin da Legas da Turai da kamfanonin intanet ke kwasar mafi hazaƙa daga cikinsu.

Babu mai ganin laifin matashin da ya bi inda abincinsa yake.

Amma ƙwarewa irin wannan a hannun manya ake koyon ta, cikin shekaru, a gaban na'ura. Idan waɗanda suka iya suka watse, ba a san wanda zai koyar da na baya ba a ranar da masana'antun suka farfaɗo.